Manhajar tsara manazarta: amsoshin tambayoyin da ɗalibai ke kawo mana ɗakin karatu

Duk shekara, da zarar an kafa ranar kare kundi, sashen kwamfutoci na ɗakin karatunmu a nan Kebbi yakan cika da 'yan ajin ƙarshe da masu digiri na biyu. Babi biyar sun kammalu, malami ya sa hannu, amma manazarta ta ƙi daidaituwa. An ambaci marubuci a babi na biyu, babu shi a ƙarshe. Wani yana ƙarshe, babu inda aka kira sunansa a ciki. Shekarar littafi ɗaya ta zama biyu. Tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi kawo mini a teburi, na tattara su ne saboda wanda bai fara rubutu ba tukuna, don shi ne zai fi cin moriyarsu.

Wai mece ce wannan manhaja, kuma me take yi wa mutum?

Ka ɗauke ta kamar magatakarda mai riƙe maka rajista. Duk littafi, maƙala, kundi ko rahoton da ka karanta, sai ka shigar da bayaninsa sau ɗaya tak: sunan marubuci, shekara, take, maɗaba'a ko mujalla, da shafuka. Idan kana rubutu a Word ka zo inda za ka kafa madogara, sai ka kira sunan marubucin, ta saka shi da shekara a cikin baka biyu, ta kuma jera cikakken bayaninsa a manazartar ƙarshen aiki bisa jerin haruffa. Gobe ka goge wannan sakin layi, sunan zai fita daga manazarta da kansa. Tana kuma ajiye maka fayilolin PDF tare da bayanansu, ka karanta, ka ja layi, ka rubuta tsokaci a gefe.

Me ya sa ake matsa mana a kan madogara haka? Ba abin da na rubuta ne ya fi muhimmanci ba?

A ƙasar nan wannan ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san ba a karɓar hadisi sai da isnadi, kuma idan almajiri ya kawo magana, abin da ake fara tambayarsa shi ne a wane littafi ya gani, wa ya karantar da shi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke Gwandu, ya rubuta littafi sukutum mai suna Ida'un Nusukh don ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya ɗauka daga hannunsu. Manazartar kundinka ita ce isnadinka. Da ita mai karatu zai bi sawunka ya je ya ga maganar da idonsa, da ita kuma kake sauke haƙƙin wanda ya sha wahala kafin kai. Ina ganin ɗalibin da ya fahimci haka ba ya ɗaukar aikin a matsayin horo.

Wacce zan ɗauka? Na ji ana cewa Zotero, Mendeley, EndNote, RefWorks.

Amsata ga mafi yawan ɗalibanmu ita ce Zotero, kuma zan faɗi dalili.

Zotero ta fito a 2006 daga wata cibiyar nazarin tarihi ta Jami'ar George Mason a Amurka, yanzu kuma wata ƙungiya da ba ta neman riba ce ke riƙe da ita. Kyauta ce. Tana zama a cikin kwamfutarka, tana aiki ko ba ka buɗe asusu ba, ko babu intanet. Ga wanda ke rubutu a ɗakin haya a Kalgo ko Aliero, ko ya tafi gida Kamba ko Zuru hutu inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mendeley a Landan aka kafa ta, kamfanin Elsevier ya saye ta a 2013. Ita ma kyauta ce, kuma tana ba da wurin ajiya na 2 GB, wanda ya fi na Zotero nesa ba kusa ba. Sai dai dole ka yi rajista ka shiga asusu kafin ka fara. A kula da abu ɗaya: tun 1 ga Satumba 2022 kamfanin ya daina ba da tsohuwar Mendeley Desktop, ya maye gurbinta da Mendeley Reference Manager. Har yanzu tsohuwar tana yawo a filas daga hannu zuwa hannu. Kada ka gina kundinka a kan manhajar da masu ita suka bari.

EndNote da RefWorks duk suna ƙarƙashin kamfanin Clarivate ne. Cikakkiyar EndNote saye ake yi, RefWorks kuwa sai jami'a ta biya wa mutanenta. Idan wani ya ce zai ɗora maka EndNote ta bayan fage a shago, ka ƙi. Ban da haƙƙin mai ita, irin waɗannan su ne kan shigo wa kwamfuta da bairos.

Idan malamin da ke duba aikinka da sauran 'yan rukuninku duk Mendeley suke amfani da ita, bi su, babu laifi. Sauran amsoshin nan dai a kan Zotero na gina su.

Akwai inda za a ce sai na biya?

Bayanan littattafai, ko sun kai dubu goma, ana ajiye su a asusunka na intanet kyauta. Fayilolin PDF ne ke da iyaka, 300 MB. Wanda ke son ƙari yakan biya dala 20 a shekara don 2 GB. Ban taɓa ba ɗalibin digirin farko shawarar ya biya ba. Idan wurin ya cika, fayilolin suna nan a kwamfutarka, hawa intanet ne kawai suke dainawa.

To, ta ina zan fara?

Ka shiga zotero.org da kanka ka sauke abu biyu. Na farko ita manhajar. Na biyu ɗan ƙaramin mahaɗi da ake kira Zotero Connector, wanda ke maƙalewa a jikin burauza, ko Chrome, ko Firefox, ko Edge. Ka rufe Word kafin ka ɗora manhajar. In ka sake buɗe shi za ka ga sunan Zotero ya bayyana a sama, a layin da sauran maɓallan suke.

Daga nan sai ka buɗe asusu. Ka yi amfani da imel ɗin da zai bi ka har bayan ka gama makaranta ka tafi bautar ƙasa, kuma ka rubuta kalmar sirrin a inda ba za ta ɓace ba. Sai ka koma cikin manhajar ka saka sunan asusun a wurin da aka rubuta Sync, wanda shi ke ɗora aikinka a asusunka na intanet. Mutane da yawa suna buɗe asusu su manta da wannan mataki na ƙarshe, su yi wata shida suna zaton aikinsu yana intanet alhali bai taɓa barin kwamfutar ba.

Malam, ni ba ni da kwamfuta, waya kawai gare ni.

Za ki iya tara kayan karatu da waya. Akwai Zotero a Android da iPhone, kuma duk abin da kika ajiye yana shiga asusunki. Abin da waya ba ta yi shi ne saka madogara a cikin Word, wannan sai a kwamfuta. Saboda haka ki yi ta tarawa da karantawa a waya, ranar rubutu ki nemi kwamfuta.

Idan aikin aji ne mai madogara goma ko goma sha biyar, akwai hanya mafi sauƙi. Ki shiga zbib.org, wato ZoteroBib, ki liƙa lambar DOI (lambar shaidar maƙala) ko ISBN (ta littafi) ko adireshin shafi, ki zaɓi salon da ake son a jera manazarta da shi, ki kwafe manazartar. Ba ya neman rajista. Amma jerin yana zama ne a cikin burauzar da kika yi aikin, don haka bai dace da kundi ba.

Duk wanda ya shiga asusunsa a kwamfutar ɗakin karatu ko ta shago, ya tabbata ya fita kafin ya tashi.

Tana cin data da yawa?

Bayanan rubutu ba su da nauyi, PDF ne ke ci. A wurin Sync za ka iya kashe hawan fayiloli ka bar bayanai kaɗai. Saka madogara, canza salo da jera manazarta duk ba sa bukatar intanet, muddin salon yana cikin kwamfutarka.

Yaya ake shigar da littafi ko maƙala?

Idan kana kan shafin maƙala a Google Scholar, PubMed, JSTOR ko AJOL, rumbun mujallun Afirka da aka fara a 1998, sai ka danna alamar mahaɗin nan da ke saman burauza. Zai ɗauko bayanin, in PDF ɗin a buɗe yake ya haɗo da shi. Ka fi samun bayani mai tsabta a shafin mujallar kanta fiye da jerin sakamakon Google Scholar.

Idan kana da lambar DOI ta maƙala ko ISBN ta bayan littafi, akwai alama mai kama da ɗan sanda a saman manhajar. Ka danna, ka liƙa lambar, bayanin ya sauko. PDF ɗin da abokinka ya turo maka ta WhatsApp kuwa, jawo shi za ka yi ka jefa cikin manhajar, ta yi ƙoƙarin gano ko na wane ne. Rumbunan da jami'a kan yi rajista da su, irin su Hinari na lafiya da AGORA na noma, suna kai ka shafukan mujallu inda ake iya sauke bayani a fayil ɗin RIS ko BibTeX, waɗanda duk manhajojin nan ke karantawa.

Sai kuma hannu. Littattafan da aka buga a Zariya, Kano ko Sakkwato shekarun baya, mujallun sassan jami'o'inmu da ba su da DOI, kundayen da ke kan kanta a ɗakin karatu, takardun da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani, duk waɗannan kai za ka zaɓi nau'insu ka cike gurabe ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin Hausa, Tarihi ko Nazarin Addinin Musulunci ya sa a ransa cewa kaso mai yawa na kayansa ta wannan hanya zai shiga. Ka cike tun littafin yana hannunka, ka buɗe shafin farko da bayansa inda ake rubuta maɗaba'a da shekara. Idan ka yi hoton babi a shagon kwafi, ka haɗa da waɗannan shafuka biyu.

Tunda ita ta ɗauko bayanin, ai daidai ne ko?

A nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, kuma in da za a ce in zaɓi amsa ɗaya a wannan shafi, wannan zan zaɓa. Manhaja ba ta san daidai da kuskure ba. Abin da ta tarar shi take kwasowa, ta shirya shi tsaf, har kuskuren ya yi kyan gani.

Wata ɗalibar digiri na biyu da ke bincike kan manoman shinkafa a fadamar Argungu ta taɓa kawo mini manazartarta, saura kwana huɗu ta kare kundi. Ta ce, "Malam, wanga abu shi ya shirya min komai, duba kawai za ka yi." Muka zauna muna bi layi-layi da biro. Wani take duk da manyan baƙaƙe yake. Wata maƙala an mayar da sunan jami'ar marubucin ya zama sunan marubuci na biyu. Wani kundin digiri ya fito a matsayin shafin intanet, babu sunan jami'a. Maƙala uku babu lambar fitowa, babu shafuka. Guda ɗaya ta shiga sau biyu, sai manhajar ta ɗauka aiki biyu ne na mutum ɗaya a shekara ɗaya, ta liƙa wa shekarar "a" da "b". Yarinyar ta yi karatu sosai, littafin da take rubuta tsokaci ya cika har bango. Abin da ba ta yi ba shi ne duba gefen dama na manhajar duk sanda ta shigar da abu. Mun kai la'asar muna gyara.

Minti ɗaya ya isa idan a lokacin shigarwa ne. Ka duba nau'in abin, littafi ne, babi ne a cikin littafi, maƙala ce ko kundi, domin kowanne da yadda ake jera shi. Ka duba sunaye da shekara da shafuka. Take kuma ka rubuta shi kamar jimla, babban baƙi a farko da kan sunayen yanka kawai. Manhajar ta iya ɗaga baƙaƙe idan salo ya nemi haka, amma idan aka ce ta sauke su ba ta san Kebbi ko Argungu sunaye ba ne. A gefen hagu akwai wurin da take nuna abubuwan da suka shiga sau biyu, ka riƙa leƙawa kana haɗe su.

Idan hukuma ce ta wallafa rahoto, ka mayar da gurbin suna ya zama guda ɗaya. In ba haka ba National Bureau of Statistics za ta fito a matsayin wani mutum mai suna Statistics.

Sunayenmu na Hausa fa? Wanne ne zai zo farko?

An gina gurabun ne a kan al'adar Turawa ta sunan dangi, mu kuwa sau da yawa sunan mutum ne, da na mahaifi, da na gari. Abin da malamai suka saba shi ne a ɗauki sunan ƙarshe kamar yadda marubucin ya rubuta a jikin aikinsa. Shi ya sa ake rubuta Farfesa Aliyu Muhammad Bunza a matsayin Bunza, A. M., Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma Gusau, S. M. Ba a shigar da Alhaji, Malam, Dakta ko Farfesa.

Ka rubuta sunan mutum iri ɗaya a ko'ina. Idan a wani wuri ka sa cikakken suna, a wani ka sa haruffa kawai, manhajar za ta ɗauka mutum biyu ne, ta fara cusa haruffan sunansu a cikin madogara don ta bambanta su. Duk wanda ya ga haka a aikinsa, nan ne ciwon yake. Haka malaman jihadi: ka zaɓi ɗan Fodiyo ko Ibn Fudi bisa al'adar sashenku, ka tsaya a kai.

Tana karɓar ƙ, ɗ da ɓ?

Tana karɓa, da Larabci ma, muddin ainihin baƙaƙen aka buga. Windows yana da allon rubutun Hausa, wayoyi ma suna da shi. Matsalar tana zuwa ne daga tsofaffin nau'o'in rubutu irin su Rabi'at, inda ake danna q, x da v su fito da siffar ƙ, ɗ da ɓ. A ido ƙasa ce, a cikin kwamfuta "qasa" ce, kuma "qasa" ɗin manhajar za ta kwaso. Sai ka gyara da hannu.

Akwai gurbin harshe a ƙasan bayanin kowane littafi. Idan aikin da Hausa aka rubuta shi, kamar Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya da aka buga a Zariya a 1988, ka rubuta "ha" a wurin. Wannan zai hana salon Ingilishi ya ɗaga baƙaƙen take inda bai kamata ba.

Masu rubuta kundi da Hausa su san cewa a jerin harsunan da manhajar ke fitar da manazarta akwai Larabci da Faransanci, babu Hausa. Za ta rubuta "et al." inda ake son "da wasu", ta sa "p." inda ake son "sh.". Ba a gyara wannan a tsakiyar aiki. A bari sai an gama, a yanke alaƙar kwafin ƙarshe da manhajar kamar yadda zan bayyana nan gaba, sannan a sauya su gaba ɗaya.

Rabin bayanaina daga bakin dattawa ne da takardun tarihi. Suna da wuri?

Suna da shi. Akwai nau'in hira, da na rubutun hannu, da na wasiƙa. Ga hira, ka rubuta sunan mai bayani, shekarunsa, sana'arsa, garin da aka yi hirar da ranar, tun kana zaune a gabansa. Salon APA, ɗaya daga cikin salon rubuta madogara da manazarta, yana ambaton hira a cikin rubutu kawai, ba ya sa ta a manazarta, amma sassan Tarihi da Hausa sukan nemi jerin waɗanda aka yi hira da su a ƙarshe. Bi na sashenku. Ka kuma nemi izinin mutum kafin ka buga sunansa. Idan binciken ya shafi rashin tsaro ko rikicin fili, sakaya sunan ya fi, kada kundi ya jawo wa wanda ya karɓe ka a gidansa fitina.

Wanda ya je gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, ko Arewa House, ko cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, ya rubuta lambar kowane fayil daidai yadda take a bangonsa. Akwai gurbin sunan ma'ajiya da na lamba. Daga Birnin Kebbi zuwa Kaduna ba tafiyar da za a maimaita saboda lamba ɗaya ba ce.

Tsohon littafi da aka sake bugawa yana da shekara biyu. Tazyinul Waraƙat na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo an rubuta shi a 1813, bugun Ibadan mai fassarar Ingilishi ya fito a 1963. Ka sa 1963 a gurbin shekara, a gurbin Extra ka rubuta "Original date: 1813". Alƙur'ani kuwa sura da aya ake ambata, ba shafi ba.

Yaya ake saka madogara a cikin Word?

Ka bar Zotero a buɗe. Ka ajiye alamar rubutu inda kake so, ka danna Add/Edit Citation. Karon farko za ta tambaye ka salo. Sai ɗan akwati ya fito, ka buga sunan marubuci ko kalma daga take, ka zaɓa. Idan ka danna sunan a cikin akwatin za ka ga inda ake sa lambar shafi, da inda ake ɓoye sunan marubuci idan ka riga ka ambace shi a jimla. A ƙarshen aiki ka danna Add/Edit Bibliography sau ɗaya.

In ka ga kuskure a manazarta, kada ka gyara a cikin Word, domin gyaran zai goge. Koma cikin Zotero ka gyara tushen, ka dawo ka danna Refresh.

Tana aiki da Word, LibreOffice da Google Docs. Manhajar rubutu ta WPS da ke zuwa a kan kwamfutoci da yawa ba ta cikin waɗanda masu Zotero suka tanada.

An ce mu bi APA, amma malamina ya ce abin da ta fitar ba daidai ba ne.

Galibi bambancin bugu ne. Bugu na 7 na APA ya fito a Oktoban 2019 da canje-canje. A na 6, idan marubuta uku zuwa biyar ne, ana jera su duka a ambaton farko. A na 7, tun farko sunan na ɗaya ake sawa da "et al.". Na 6 yana sa garin da aka buga littafi, na 7 ya cire. Malamin da ya saba ganin Zariya kafin sunan maɗaba'a zai ga kamar an yi tsallake. Kada ka yi gardama. Ka je da littafin ƙa'idojin rubuta kundi na sashenku ka tambaye shi cikin ladabi wane bugu ake so. Duka biyun suna cikin rumbun Zotero mai salo fiye da 10,000, tare da Vancouver na likitoci, IEEE na injiniyoyi, MLA da Chicago mai bayanin ƙasan shafi. Canzawa daga wannan zuwa wancan ba ya kai minti ɗaya.

Salon Harvard kuwa ba shi da hukuma ɗaya mai tsara shi, kowace jami'a da irin nata. A nemi misali a rubuce.

Zan tura wa malami, ko in kai shagon buga takardu. Ba za su lalace ba?

Malami zai iya karantawa ya yi gyara a Word ko ba shi da Zotero. Haɗarin shi ne a buɗe fayil ɗin da wata manhaja a sake ajiye shi, madogaran su koma rubutu zalla. Kafin ka kai shago, ka yi kwafi, ka buɗe kwafin, ka danna Unlink Citations. Shi za ka bayar, ko ka mayar da shi PDF. Na asalin ya zauna a wurinka, domin wannan yankewa ba ta da komowa, kuma bayan kare kundi gyara na nan tafe.

Na riga na rubuta babi uku da hannu. Na makara?

Ga mai digiri na biyu ko na uku, bai makara ba. Ya ware kwana biyu ya shigar da komai, ya bi babi-babi yana maye gurbin na hannu. Ɗan ajin ƙarshe da ya rage masa mako ɗaya da madogara talatin, ya ƙarasa da hannu, ya duba sau biyu.

Idan kwamfutata ta lalace ko aka sace fa?

Idan Sync yana aiki, bayananka suna nan. Ka ɗora manhajar a wata kwamfuta ka shiga asusu, su sauko. PDF ɗin da ba su hau intanet ba saboda wurin ajiyar 300 MB ya cika ne ba za su dawo ba. Saboda haka duk mako ka rufe manhajar, ka kwafe foldar nan mai suna Zotero gaba ɗayanta zuwa filas, kada kuma filas ɗin ya kwana a jaka ɗaya da kwamfutar. Kada ka mayar da ainihin foldar cikin Google Drive ko Dropbox tana aiki daga can, hakan yana lalata rumbun.

Za ta rage mini makin da Turnitin ke nunawa?

A'a. Turnitin kamanceceniyar rubutu yake aunawa. Idan ka kwafe sakin layi ka liƙa masa madogara, yana nan a matsayin kwafe. Ka karanta, ka rufe littafin, ka faɗa da kalmominka, sannan ka ambaci mai shi. In kalmominsa kake so, ka sa su cikin alamar zance da lambar shafi. Abin da ba ka karanta ba kada ka jera shi. Idan a littafin wani ka ga maganar, ka ce wane ne ya ruwaito ta, kamar dai yadda ake yi a isnadi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: mai jarrabawa na waje yakan ɗora yatsa a kan layi ɗaya na manazarta ya ce a gaya masa abin da ke ciki.

ChatGPT ya ba ni jerin madogara. In zuba su?

Kada ka zuba ko ɗaya sai ka gan shi da idonka. Irin waɗannan manhajoji sukan ƙirƙiro maƙalar da babu ita, da sunan masanin gaske, da sunan mujallar gaske, har da lambar DOI. Ka liƙa lambar a doi.org. Idan ba ta buɗe komai ba, ko ta buɗe wata maƙala daban, ka watsar. Idan ta buɗe, ka karanta tukuna.

A ɗaya ɓangaren kuma, tun 2019 Zotero tana sa jan gargaɗi a kan maƙalar da mujalla ta janye, bisa bayanan Retraction Watch, shafin da ke bin diddigin maƙalun da aka janye. Masu karatun lafiya da kimiyya su kula da shi.

Ni malami ne, ina duba ɗalibai da yawa. Akwai abin da za ta yi mini?

Allah ya gafarta Malam, akwai. Za ku iya buɗe rukuni a zotero.org kyauta ku gayyaci ɗalibanku. Duk abin da ɗaya ya saka kowa zai gani, ku ma za ku ga abin da kowannensu ke karantawa tun kafin ya kawo babi na biyu. Fayilolin rukuni daga wurin ajiyar wanda ya buɗe shi ake lissafa su, don haka ya fi a tara bayanai kawai a bar PDF. Mukan zo sashe mu koyar da aji guda idan aka gayyace mu, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne makon da aka amince wa ɗalibai da batun bincike.

Idan zan zo a nuna mini, me zan riƙo?

Kwamfutarka da caji a cike, da cajar. Littafin ƙa'idojin rubuta kundi na sashenku. Imel ɗin da ka tuna kalmar sirrinsa. Sai abu uku da ka riga ka karanta a kan batunka: maƙala mai DOI, PDF ɗin da ke cikin wayarka, da littafi ko kundi na takarda wanda babu shi a intanet. Da na ukun za mu fara, kai za ka riƙe linzamin kwamfutar, ni ina gefe.